DARASIN LAFIYA: Tsiron da Kan Fito a Kan Tabon Tiyata

Darasinmu na wannan wata a kan tabon tiyata ne, da irin tsiron da kan fito a kansa wani lokaci bayan an warke.

Yanzu tiyata ba baƙuwa ba ce a ƙauyukanmu. Da wuya ka shiga unguwa ka rasa wanda aka taɓa yi wa aiki a asibiti. Wata haihuwa ce ta zo da gardama, aka yi mata aiki aka ciro jariri. Wani aikin ƙaba aka yi masa. Wani zazzaɓin taifot ne ya huda masa hanji, aka buɗe ciki aka ɗinke. Yawancin waɗannan mutane sukan warke sarai. Sai dai tabo, shi ma a hankali ya kwanta ya dushe.

Amma akwai 'yan kaɗan da abin ba ya tsaya musu nan. Bayan watanni ko shekaru, sai su ji wani ƙululu a kan tabon ko a ƙarƙashinsa. Sai hankali ya tashi. Wani ya ce daji ne. Wani ya ce jifa ce. Wani ya nufi wurin wanzami a yanke masa. Wata kuma ta rufe da zane ta yi shiru don kunya, har shekaru su wuce.

Abin da wannan darasi yake so mu gane shi ne, tsiron tabo iri-iri ne. A ido sun yi kama, amma kama da wane ba ta wane. Kowanne da dalilinsa, kowanne da maganinsa. Yawancinsu ba daji ba ne. Akwai wanda in aka sa masa aska ƙaruwa yake yi. Akwai kuma wanda in aka yi jinkiri yana iya kai mutum kabari. Likita ne zai rarrabe su, amma kai ne za ka fara lura.

YADDA YANKA YAKE WARKEWA

Idan katangar gida ta tsage, mai gida yakan kwaɓa ƙasa ya cike tsagar, ya yaɓe. Da tsaga ta cika sai ya ajiye aiki. Haka jikin ɗan Adam yake yi. Idan likita ya yanka fata ya ɗinke, jiki yakan saƙa wasu siraran zaruruwan nama masu ƙarfi, su haɗa bakin yankan biyu. Likitoci suna kiran wannan abin saƙar kolajin. Shi ne yake zama tabo.

Wannan aiki ba na kwana ɗaya ba ne. Bayan mako 3, ƙarfin wurin bai wuce kashi 1 cikin 5 na ƙarfinsa na da ba. Sai an yi kamar wata 3 yake yin ƙwari sosai. Ko ya gama nuna, ƙarfin tabo ba ya wuce kashi 80 cikin 100 na fatar asali. Jiki yakan ci gaba da gyara tabon har shekara 1 ko fiye. Shi ya sa likita yake hana daka, da ɗaukar tulu, da noma, a makonnin farko bayan aikin ciki.

A makonnin farko, in ka shafa tabon za ka ji wani layi mai ɗan tauri a ƙarƙashin fata. Wannan ba ciwo ba ne. Alama ce ta cewa wurin yana haɗuwa. Zai yi laushi da kansa.

Matsala tana zuwa ne idan jiki bai daina yaɓen ba bayan tsaga ta cika, ko kuma wani abu ya maƙale a cikin yankan. Bari mu duba su ɗaya bayan ɗaya.

NA ƊAYA: TABO MAI TUDU

Wannan shi ne mafi sauƙi. Tabon yakan taso ya yi kauri, ya yi ƙaiƙayi, cikin wata 1 ko 2 bayan aiki. Amma ba ya ƙetare layin da aka yanka. Inda ɗinki ya tsaya, nan shi ma ya tsaya. Yakan yi girma na 'yan watanni, sannan ya fara kwanciya da kansa, ko da zai ɗauki shekara ko biyu. An fi samunsa idan yankan ya yi mugunya, ko ya daɗe bai warke ba.

NA BIYU: TABO MAI YAƊO

Wannan kusan kowa ya taɓa ganinsa. Shi ne naman nan mai sulɓi da ƙyalli da ake gani a kunnen wasu mata bayan huda, ko a ƙirjin wasu maza, ko a haɓa bayan aski. Likitoci suna ce masa kiloyid. Wani likitan fata na ƙasar Faransa mai suna Alibert ne ya yi bayaninsa a shekarar 1806. An samo sunan daga wata kalmar Girkanci mai nufin dagin ƙaguwa, saboda yadda yake miƙa ƙafafu zuwa cikin lafiyayyar fata.

Ga bambancinsa da tabo mai tudu. Shi yana ƙetare iyakar yankan, ya mamaye fatar da aska ba ta taɓa ba. Ba ya fitowa da wuri, sai bayan wata 3, ko shekara, ko fiye. Kuma ba ya kwanciya da kansa. Yakan yi ƙaiƙayi da zogi, musamman in tufa tana gogarsa ko an yi gumi.

A wasu ƙasashe ba a cika ganinsa ba, amma a wurinmu ba haka ba ne. Ya fi kama masu baƙar fata. Ya fi fitowa tsakanin shekara 10 zuwa 30. Yana bin dangi, wato in uwa ko uba suna da shi, 'ya'ya suna iya samu. Wuraren da ya fi so su ne kunne, da tsakiyar ƙirji, da kafaɗa, da gadon baya, da muƙamuƙi. Ba tiyata kaɗai ke jawo shi ba. Ƙuna, da tsaga, da ƙaho, da ƙurajen fuska, duk suna iya zama sanadi ga mai irin wannan fata.

Mu riƙe abu biyu. Tabo mai yaɗo ba daji ba ne, kuma ba a ɗaukarsa. Kada a ƙyamaci mai shi. Kada a fasa aure dominsa.

Sai babban gargaɗi. Idan aka yanke shi kawai aka bari, cikin mutum 10 kusan 5 ko fiye zai dawo musu, kuma sau da yawa yakan dawo ya fi na da girma. Dalili a fili yake. Rauni ne ya haife shi, yanka kuwa sabon rauni ne. Nan ne ake cewa garin gyaran gira a rasa ido.

To mene ne maganinsa? Akwai allura da likita yake yi a cikin naman kansa, kamar sau ɗaya a wata, har sau da dama. Tana sa shi ya yi laushi ya kwanta, ƙaiƙayi ya ragu. Akwai wata filasta ta musamman mai kama da roba, ta silikon, da ake liƙawa awa 12 ko fiye a kullum har watanni. Akwai 'yan kunne masu matsewa da ake sawa bayan an cire na kunne. Idan ya yi girma har sai an yanke, likita yakan haɗa da allurar, ko da gashi na na'ura a babban asibiti, don kada ya dawo. Magani ne mai son haƙuri. Wanda ya karɓi allura ɗaya ya daina zuwa, ya yi asarar kuɗinsa.

NA UKU: ƘULULUN ZARE

Daga nan mun shiga waɗanda ba a cika gani ba. Likita yana ɗinki da zare iri biyu. Akwai wanda jiki yake narkarwa, akwai wanda yake zama har abada don ya riƙe nama daga ciki. Jikin yawancin mutane ba ya damuwa da shi. Amma jikin wani yakan ɗauke shi baƙo, ya kewaye shi da nama, kamar yadda yake yi wa ƙayar da ta karye a tafin ƙafa.

Sai a ji ɗan ƙululu kamar ƙwayar wake ko gyaɗa a kan layin ɗinki. Wani lokaci yakan fashe ya riƙa ɗigar da ruwa ko mugunya. A sha magani ya rufe, bayan kwana biyu ya sake buɗewa. Yana iya fitowa bayan watanni, har ma bayan shekaru. Maganinsa ɗan ƙaramin aiki ne. Likita ya ciro guntun zaren, wuri ya warke. Kada mutum ya ga bakin zare ya sa hannu ya ja da kansa.

NA HUƊU: NAMAN MAHAIFA A KAN TABO

Iyayenmu mata, wannan naku ne, ku saurara da kyau. Maza ma ku karanta, don ku ne masu kai su asibiti.

A cikin mahaifa akwai wata shimfiɗa mai laushi. Kowane wata takan yi kauri, tana jiran ciki. In ciki bai shiga ba sai ta zube. Zubewar nan ita ce jinin al'ada. Idan aka buɗe mahaifa don ciro jariri, wani ɗan mitsitsin wannan shimfiɗa yana iya maƙalewa a cikin yankan fatar ciki. Can sai ya kama ya rayu, kamar irin da ya faɗi a gefen gona ya tsiro. Likitoci suna kiran wannan indomitiriyosis na tabo.

To shi wannan nama bai san ya bar mahaifa ba. Duk wata, in lokacin al'ada ya zo, shi ma yakan kumbura ya zubar da jini. Amma jinin ba shi da hanyar fita. Sai ya taru a wurin, ya zama ƙululu mai ciwo.

Ga alamarsa. Ƙululu ne a kan tabon ko a gefensa, sau da yawa a ƙarshen layin ɗinki. Girmansa kamar goro ko ƙwan zabo. In al'ada ta kusa sai ya ƙara girma, ya yi zafi. In ta ɗauke sai ya lafa. Wata ma takan ga fatar wurin ta yi duhu, ko ɗan jini yana fitowa daga tabon a kwanakin al'ada. Ba ya bayyana nan da nan. Sau da yawa sai an yi shekara 2 zuwa 5 da aikin. Saboda haka mace ba ta kawo wa ranta cewa yana da alaƙa da haihuwar da ta wuce.

Wannan jinin da ke fita daga tabo duk wata yana tsorata mutane, har a ce aikin iska ne. Ba iska ba ne. Ciwo ne sananne, kuma yana da magani. Ƙwayoyin da ke tsayar da al'ada suna rage zafin, amma in an daina sha yakan dawo. Maganin da ke raba mace da shi shi ne ƙaramin aiki. Likita ya cire ƙululun gaba ɗaya tare da ɗan naman da ke kewaye da shi. In an cire shi duka, da wuya ya dawo.

A lura da wannan sosai. Cikin mata 100 da aka yi wa aikin haihuwa, da ƙyar a sami 1 da wannan zai same ta. Kada jin wannan darasi ya sa wata ta ƙi aiki in likita ya ce a yi. Kada mai gida ya ƙi sa hannu. Doguwar naƙuda tana kashe uwa da ɗa, tana kawo yoyon fitsari. Ƙululun tabo kuwa abu ne da ake cirewa a sallami mace ta koma gida.

NA BIYAR: ƘARI MAI TAURI

Akwai wani ƙari da kan fito a cikin tsokar bangon ciki. Likitoci suna ce masa dasmoyid. Wani likita a birnin Gilasgo mai suna MacFarlane ne ya fara bayaninsa a shekarar 1832. Yana da wuyar samu ƙwarai. Cikin mutum miliyan 1, kamar mutum 2 zuwa 4 ne kawai yake kamawa a shekara. Ya fi samun mata masu shekarun haihuwa, musamman bayan goyon ciki ko bayan aikin ciki.

In ka taɓa shi za ka ji shi da tauri, can ciki, ba ya motsi sosai. Girmansa a hankali ne. Sau da yawa ba ya ciwo da farko. Ba ya tashi daga inda yake ya tafi huhu ko hanta kamar yadda daji yake yi. Amma yana kutsawa cikin naman da ke kusa da shi, kamar saiwar itace a gindin katanga. In an yanke shi yana yawan dawowa.

A da, da an gan shi sai a yi aiki. Yanzu likitoci sun sauya. In sun gwada sun tabbatar shi ne, sukan fara da sa ido, suna ɗaukar hoto lokaci lokaci. Dalili kuwa, an gano cewa wani yakan tsaya da kansa, wani ma ya ragu ba tare da magani ba. Sai in yana ƙaruwa ko yana takura wa mutum ake ba da magani ko a yi aiki. A shekarar 2023 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da ƙwayar farko ta maganin wannan ƙari. Saboda haka in likita ya ce maka a jira a gani, ba sakaci ba ne. Naka shi ne ka koma a ranar da ya rubuta maka.

NA SHIDA: ƘASHI A CIKIN TABO

Wannan abin mamaki ne, amma yana faruwa. Wani lokaci jiki yakan yi kuskure ya gina ƙashi a inda ya kamata ya gina nama. An fi ganinsa a tabon da ya miƙe daga ƙasan ƙirji zuwa cibiya, kuma ya fi samun maza. Ana samunsa kuma bayan aikin ƙugu ko na gwiwar hannu, har gaɓar ta ƙi lanƙwasuwa. Hoton ƙashi yana nuna shi. In ba ya damun mutum akan bar shi. In yana suka ko yana hana motsi sai a cire.

NA BAKWAI: TABON DA YA RIKIƊE

Wannan shi ne mai haɗari, shi ne kuma dalilin da ya sa ba a raina canji a kan tsohon tabo. Tsohon tabo yana iya rikiɗewa ya zama ciwon daji na fata. Ana kiransa gyambon Marjolin, da sunan wani likitan Faransa da ya yi rubutu a kan irin wannan gyambo a shekarar 1828. Ya fi fitowa a tabon ƙuna, da tsohon gyambon ƙafa wanda ya daɗe yana warkewa yana buɗewa. A tabon tiyata ba safai ba ne, amma yana yiwuwa, musamman wanda ya daɗe bai rufe ba. Yakan ɗauki shekaru masu yawa kafin ya bayyana, har 20 ko 30.

Alamarsa ita ce tabon da ya daɗe lafiya ya buɗe ya ƙi rufewa. Bakinsa ya yi tudu ya juyo waje. Ya riƙa jini da an ɗan taɓa shi. Ya yi wari. Wani lokaci kaluluwa ta fito a hammata ko a matsematsi. In an je da wuri, likita yakan yanke wurin ya rufe da fatar da ya ɗebo daga cinya, mutum ya tsira da ƙafarsa. In an makara, sai a rasa ƙafar, ko a rasa ran. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

KUMBURIN DA BA TSIRO BA NE

Akwai wasu abubuwa uku da kan yi kama da tsiro.

Na farko, ƙabar tabo. Ɗinkin ciki ne ya saki, hanji ya turo fata. Tana da laushi. In mutum ya yi tari ko ya tsaya sai ta fito, in ya kwanta sai ta koma. Wannan ta fi yawancin waɗanda muka ambata yawa. Aiki ne maganinta. Sa mata aska a gida yana nufin huda hanji.

Na biyu, taruwar mugunya. Takan zo cikin kwanaki ko makonnin farko, da zafi da zogi da zazzaɓi.

Na uku, abin da aka manta a ciki, kamar audugar share jini. Da wuya ya faru, domin ana ƙirga kayan aiki kafin a rufe ciki. Tun shekarar 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da takardar bin ƙa'idar tiyata wadda ta haɗa da wannan ƙirga. In ya faru, jiki yakan naɗe audugar da nama ta zama dunƙule. Hoto yana nuna ta, kuma akan cire ta.

ALAMOMIN DA BA A KWANA DA SU

A tafi asibiti a ranar, ko da dare ne, idan:

1. Kumburin da ya saba komawa ya ƙi komawa, ga ciwon ciki da amai, ga rashin bayan gida.
2. Tabo ya yi zafi ya kumbura, ga zazzaɓi.
3. Jini yana zuba ya ƙi tsayawa.

A tafi cikin mako, idan:

1. Ƙululu yana ƙara girma.
2. Tsohon tabo ya buɗe, an yi wata 1 bai rufe ba.
3. Ciwon yana zuwa tare da al'ada.
4. Mutum yana ramewa ba dalili, ko kaluluwa ta fito.

ABIN DA BA A YI

Kada a yanka. Kada a yi sakiya. Kada a yi ƙaho a kai. Kada a ɗaure gindinsa da zare don ya faɗi. Kada a shafa kanwa, ko toka, ko ruwan batir. Kada a shafa man sauya launin fata. Duk waɗannan sabon rauni suke kawowa. Aska ɗaya ga mutane da yawa kuma tana yaɗa ciwon hanta da ƙanjamau.

'Yan'uwanmu wanzamai, jama'a sun yarda da ku, wurinku ake fara zuwa. Idan aka kawo muku tsiro a kan tabon asibiti, ku ce a koma asibiti. Wannan ba ragin daraja ba ne. Wanda kuka tura ya warke, ku zai gode wa. Haka ma ungozomomi, ku ne mata suke buɗe wa cikinsu.

GA INDA KARATUNKA ZAI YI MAKA RANA

Likita yana ganinka na 'yan mintoci ne. Kai kake tare da jikinka kullum. Yanzu da ka iya rubutu, ware shafi ɗaya a littafinka. Rubuta ranar da aka yi maka aiki, da sunan asibitin, da irin aikin. Rubuta ranar da ka fara jin ƙululun. Kwatanta girmansa da abin da ka sani: gero, wake, gyaɗa, goro, ƙwai, lemo. Ko ka auna faɗinsa da tsinke ka karya, ka ajiye. Bayan mako 2 ka sake aunawa da sabon tsinke, ka gwada su. In akwai waya mai hoto a gidan, a ɗauka.

Ke kuma 'yar'uwa, ki riƙa sa alama a ranakun da wurin yake ciwo, da ranakun al'adarki. In kika yi haka wata 2 ko 3, kika ga ranakun suna haɗuwa, kin kai wa likita rabin amsa. Kina iya cewa: "Likita, shekara 3 ke nan da aka yi mini aikin haihuwa. Wata 6 da suka wuce na ji ƙululu a gefen ɗinkin. Da kamar wake yake, yanzu ya kai goro. In al'adata ta zo ya fi ciwo. Ga ranakun na rubuta." In kina jin nauyin likita namiji, ki nemi ma'aikaciyar jinya ta tsaya tare da ke.

Katin asibiti da takardar sallama dukiya ne. A sa su a leda a ajiye a akwati, inda gara da ruwa ba za su kai ba.

ABIN DA LIKITA ZAI YI

Zai yi tambayoyi, ya duba, ya taɓa. Yana iya tura ka hoton ciki. Yana iya ɗiban ɗan naman da allura, ko ya cire ƙululun, ya aika ɗakin gwaji a duba da madubin da ke girmama ƙananan abubuwa. Wannan gwaji shi ne yake faɗin gaskiyar ko wane iri ne. Manyan asibitocin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano da ke Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, da na Maiduguri, suna yin sa. Amma ka fara da asibitin da ke kusa da kai, ko inda aka yi maka aikin. Su za su ba ka takardar zuwa gaba.

In an cire maka nama an ce a kai gwaji, kada ka zubar don ƙyashin kuɗi. Kuma ka koma ka karɓi sakamako, ko da ka ji ka warke.

RIGAKAFI

Ba duk tsiro ake iya karewa ba, amma akwai abin da ke hannunmu. Kafin a yi maka aiki, gaya wa likita in kai ko danginka kuna da tabo mai yaɗo. Mai irin wannan fata ya guji tsaga da ƙarin huda. Bayan aiki, a tsaftace wurin, a je wanki da cire zare a ranar da aka sa. Kada a sosa. A ci abinci mai gina jiki, kamar wake, da gyaɗa, da ƙwai, da nono, da kifi, da zogale. Mai shan taba ya daina, mai ciwon suga ya kula da maganinsa, domin duka biyun suna hana rauni warkewa. Maigida da uwargida da sauran 'yan gida su ɗauke wa mai jinya aiki mai nauyi har likita ya ba da izini.

SABABBIN KALMOMI

Kolajin: zaruruwan naman da jiki yake haɗa rauni da su.
Kiloyid: tabo mai yaɗo, wanda yake ƙetare iyakar yanka.
Indomitiriyosis: naman shimfiɗar mahaifa da ya tsiro a wajen mahaifa.
Dasmoyid: ƙari mai tauri da ke kutsawa cikin tsoka.

TAMBAYOYI

1. Mene ne bambancin tabo mai tudu da tabo mai yaɗo?
2. Me ya sa ba a son a yanke tabo mai yaɗo a gida?
3. Wace alama ce take nuna naman mahaifa a kan tabo?
4. Yaya za ka gane ƙabar tabo?
5. Kawo alamomi 3 na tabon da ya rikiɗe.
6. Waɗanne abubuwa za ka rubuta kafin ka je wurin likita?

AIKIN AJI

Malami ya sa kowane ɗalibi ya rubuta jimla 4, kamar yana yi wa likita bayanin ciwo: yaushe ya fara, ina yake, yaya girmansa, me ke ƙara shi. Sannan a karanta a gyara tare.

Wanda ya karanta wannan darasi ya karanta wa wanda bai iya ba, a zaure da cikin gida. Wataƙila akwai mai ɓoye irin wannan ciwo a kusa da kai, yana jiran wanda zai ce masa akwai magani. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ƙara mana ilimi mai amfani. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.